Layi Na Sha Tara

Talatin ga wata, bayan la'asar,
gidan biredinmu na Ƙofar Marusa
ya cika da ƙamshi da masu jiran albashi.
Na buɗe kwamfuta, na danna jadawalin biya,
sai ta toge kamar jakin da ya hango rami,
ta miƙo mani 'yar farar takarda a tsakiyar allo:
wani fayil ya ɓace, ba za ta buɗe ba.

Sunansa ma ba suna ba ne,
baƙaƙe huɗu, lambobi uku, ɗigo, da wutsiya.
Ban taɓa gaishe shi ba.
Ban san yana gidan ba sai ran da ya fita.

Na kashe, na kunna.
Na sake kashewa, na kunna da bisimilla.
Takardar ta dawo, ko wasali ba ta canza ba.
Rabe mai kwaɓi ya leƙo ta taga,
fulawa har gwiwar hannu,
bai ce uffan ba, ya koma.

Na kira Sada a shagonsa na Ƙofar Ƙaura,
janareto na tari a bayansa.
Ya ce, "Kada ka je ka tsinto shi a hanya.
Intanet kasuwa ce, akwai mai sayar da kunama a ƙunshi.
Tambayi mai gadin kwamfutar tukuna,
wani lokaci shi ke kama ɗan gida ya kulle
ya ce ɓarawo ne."
Na leƙa inda mai gadi ke tsare mutane. Wayam.

"To me ka taɓa a satin nan?"
Na ce ban taɓa komai ba.
Ya yi dariyar wanda ya ji wannan sau dubu.
Sai na tuna daren Laraba:
wuri ya cika, ta dame ni da ƙorafi,
na shiga share-share kamar mai jiran baƙi,
duk abin da ban gane ba na tura kwandon shara,
na kuma zubar da sharar.

"Shiga inda manhajoji ke jere," in ji shi,
"nemo ta lissafi, ka danna gyara.
Za ta ƙirga 'ya'yanta da kanta,
ta ga wanda babu, ta aika a kawo.
Kana da data?"
Na sayi ta dubu ɗaya, na jona da waya.
Koren zare ya kama hanya a kan allo,
tafiyar hawainiya, kashi sha biyu, sha uku,
aka kira magariba a masallacin bakin layi,
muka yi, muka dawo, yana sittin.

Sai bayan isha'i ta buɗe.
Gida-gida, kowa da sunansa, kowa da rabonsa,
jimla zaune daram a ƙasa.
Na fara kira: Rabe, Lawandi, Marwana, Dije mai shara,
ina gangarawa layi-layi
har na iso sha tara.

Sha tara ba kowa.
Nan Baba Mati yake, mai hura tanda ƙarfe uku na dare,
wanda maigida ya ce a rage a watan jiya,
na goge shi da yatsa ɗaya,
jadawali bai ko yi tari ba.
Tun ranar biredinmu ke makara,
masu shayi na tasha sun koma wani gida,
mu kuwa muna zargin fulawa, muna zargin icce.

Babu takardar da ta fito a kan wannan.

Na kai linzami kan gidan da ba kowa,
ɗan tsinken nan yana ƙiftawa, yana ƙiftawa.
Rabe ya sake leƙowa, ya wanke hannu, ya sa hula.
"Malam, an gama?"
Na ce, "Saura kaɗan.
Wa ya san gidansa a Rafindaɗi?"